Matsayin Niyutiron A Binciken Kimiyya Da Rabon Ƙasarmu A Cikinsa



 An ɗora mana yin bayani a kan wani fanni na kimiyya wanda ko sunansa baƙo ne a kunnen Bahaushe, watau warwatsuwar niyutiron, da irin aikin da ake yi da ita a binciken zamani. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan mutumin Ɗantutture ko na Kurfi ko na Dutsin-Ma da wannan, shi da damuwarsa ba ta wuce saukar damina da tsadar taki ba? Amsar wannan tambaya ita ce gundarin jawabinmu. Muna so mu nuna cewa babu abin da niyutiron ya ƙware wajen gani kamar ruwa, ruwa kuwa shi ne abin da rayuwar ƙasarmu ta rataya a kansa. Sa'an nan mu nuna cewa Nijeriya ta riga ta sa ƙafa a wannan fage a Zariya tun 2004, abin da ya rage shi ne a sami mutanen da za su ɗora.

Mene ne niyutiron?

Duk abin da ido ke gani ko hannu ke taɓawa, dutse ne ko ruwa ko naman jikin mutum, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera wajen miliyan 5 kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar za su cika milimita ɗaya. Kowace ƙwayar zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar na cikin ɗan magarya, kewaye da shi kuma ilektiron ne suke shawagi. Amma fa ƙwallon nan ƙarami ne ainun. Da za a hura ƙwayar zarra ta kai faɗin filin wasanni na makaranta, to ƙwallonta ba zai fi ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiyar filin ba. Duk da haka kusan dukan nauyin yana cikinsa.

Abubuwa biyu ne ke cikin ƙwallon: furoton, mai ɗauke da cajin lantarki, da niyutiron, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na furoton amma ba shi da caji ko kaɗan. James Chadwick, wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, shi ya gano niyutiron a 1932, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1935. Rashin cajin nan shi ne sirrin niyutiron. Duk ƙwayar da ke da caji, da zarar ta shiga cikin abu sai lantarkin da ke ciki ya yi ta janta yana tura ta, har ta tsaya tun a baki. Shi kuwa niyutiron ratsawa yake yi kamar yadda iska ke ratsa zana, yana iya shiga santimita da dama cikin ƙarfe kafin ya yi karo da ƙwallon wata ƙwayar zarra. In ya yi karon, ɗayan biyu ne: ko dai ƙwallon ya haɗiye shi, ko kuma ya karkata ya nufi wata fuska, wani lokaci har saurinsa ya canja. Wannan na biyun shi ake kira warwatsuwa.

To, yaya karkatar ɗan ƙanƙanin abu za ta zama hanyar bincike? A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya bayyana cewa kowace ƙwaya mai tafiya tana da ɗabi'a irin ta igiyar ruwa. Niyutiron da aka rage wa gudu ya koma mita 2,200 a daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin igiyoyinsa ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra a cikin gishiri ko ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin igiyar ruwa ta bugi jerin turaku a tafki ya san cewa a bayan turakun igiyoyin kan haɗu su yi ƙarfi a wasu wurare, su kashe juna a wasu. Haka niyutiron ke yi in ya ratsa abu. Masu bincike sai su kewaye abin da na'urorin ƙidaya, su ga ta wace kusurwa niyutiron ya fi fitowa, daga nan su lissafta yadda ƙwayoyin zarra suke jere, bisa ƙa'idar da William Bragg da ɗansa Lawrence suka fitar a 1913.

Bambancinsa da hoton asibiti

Su Bragg da hasken eksire suka yi aikinsu, watau hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Shi wannan haske da ilektiron yake hulɗa, saboda haka gwargwadon yawan ilektiron ɗin abu, gwargwadon yadda zai fito. Dalma tana da 82 a kowace ƙwaya, shi ya sa take tare shi. Sinadarin kalsiyom na cikin ƙashi yana da 20, shi ya sa ƙashi ke fitowa fes. Haidirojin kuwa guda ɗaya tak gare shi, da ƙyar eksire ke ganinsa.

Niyutiron da ƙwallo yake hulɗa, bai damu da nauyin abu ba. Yana ratsa dalma da alminiyom cikin sauƙi, amma haidirojin na warwatsa shi ƙwarai. In an sa fure a cikin akwatin dalma, eksire akwatin kaɗai zai nuna, niyutiron kuwa sai ya nuna furen. Kada mu manta ruwa haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya, kuma haidirojin na cike da jikin mutum da tsiro da man fetur da magunguna. Bayan wannan, niyutiron na rarrabe haidirojin na yau da kullum da ɗan'uwansa mai nauyi. Mai bincike yakan musanya ɗaya da ɗaya a wani sashe na abin da yake dubawa, kamar yadda marini ke rina wani sashe na zane ya bar wani fari, sai sashen da yake so ya fito shi kaɗai. Daɗin daɗawa, shi kansa niyutiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, don haka yana nuna yadda ƙarfin maganaɗisu yake tsare a cikin abu.

An fara wannan aiki ne a Oak Ridge ta Amurka, a jikin tukunyar nukiliyar da aka gina a 1943 domin aikin bam. Da yaƙi ya ƙare, Ernest Wollan da Clifford Shull suka juya ta ga binciken ilmi tun daga 1946. A 1949 Shull da abokin aikinsa suka tabbatar da wani irin tsarin maganaɗisu wanda Louis Néel na Faransa ya yi hasashensa da lissafi, babu wanda ya taɓa ganinsa kafin nan. A ƙasar Kanada kuma, a Chalk River, Bertram Brockhouse ya ƙera na'ura a shekarun 1950 mai auna yadda saurin niyutiron ke ƙaruwa ko raguwa bayan karo, daga nan ake gane yadda ƙwayoyin zarra suke motsi. A 1994 aka haɗa Shull da Brockhouse aka ba su lambar Nobel, na farko domin ya nuna inda ƙwayoyin zarra suke, na biyu domin ya nuna abin da suke yi. Wollan ya riga ya rasu tun 1984, ba a kuwa ba mamaci wannan lamba.

Inda ake wannan aiki a duniya

Hanya biyu ake samun niyutiron mai yawa. Ta farko ita ce tukunyar nukiliya, inda ƙwallon yuraniyom ke tsagewa yana fitar da niyutiron. Mafi shahara a wannan fanni ita ce ta Cibiyar Laue da Langevin da ke Grenoble a Faransa, mai ƙarfin megawat 58, wadda ta fara aiki a 1971, ga kuma na'urorin bincike kimanin 40 kewaye da ita. Hanya ta biyu ita ce a harba furoton da matsanancin gudu ya bugi ƙarfe mai nauyi, niyutiron ya fallatso. Irin wannan akwai ISIS a Ingila tun 1984, da ta Oak Ridge tun 2006, da ta Japan tun 2008, da ta Sin tun 2018, an kuma fara gina wata babba a Lund ta Suwidin a 2014.

Me ake yi a waɗannan wurare? Injiniyoyi na kai waldar fukafukan jirgin sama da bututun mai, a auna damuwar da ke ɓoye cikin ƙarfen ba tare da an yanka shi ba, domin daga nan tsagewa ke farawa. Masu ƙera batir na kallon yadda litiyom ke kai da kawowa a cikin batirin da ke aiki, irin wanda ke cikin wayoyin da ke aljihunanmu. Masu gini na bin yadda siminti ke shan ruwa yana sandarewa sa'a bayan sa'a. Masu haɗa magani na neman sanin inda kowane haidirojin yake zaune a jikin furotin ɗin cuta, saboda a nan magani ke kamawa. An yi haka da furotin ɗin ƙwayar cutar ƙanjamau a Grenoble a 2013, aka yi da na ƙwayar cutar korona a Oak Ridge a 2020. Har ila yau ana duba yadda ruwa ke shiga tsakanin ɓawon yumɓu ya kumbura shi, wanda shi ne ciwon baƙar lakar gabashin Barno, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta karya hanyar mota da ginin da aka ɗora a kanta.

Niyutiron a gonar gero

Yanzu mu dawo gida. Mu da muka fito daga Ɗantutture da ƙauyukan da ke kewaye mun san damina ba ta wuce wata huɗu, mun san jigawa ba ta riƙe ruwa, iyayenmu kuma har yanzu suna ba da labarin farin 1973 da na 1984. Manomi na ganin ruwan da ya sauka, amma ba ya ganin inda ya tafi bayan ya nutse. Nawa saiwa ta sha, nawa rana ta ɗauke, nawa ya sulale ƙasa ya wuce saiwa? Wannan lissafi shi ne asalin sanin irin da ya dace da gona, da tazarar shuka, da lokacin ban ruwa.

Tun farkon shekarun 1950 masana suka ƙera ma'aunin danshi mai aiki da niyutiron. Ana kafa bututun alminiyom a gona, zurfin mita biyu ko fiye, a zura wani ɗan gwangwani mai fitar da niyutiron masu tsananin gudu. Da yake nauyin niyutiron daidai yake da na ƙwallon haidirojin, in suka yi karo sai niyutiron ya zubar da yawancin ƙarfinsa, kamar tsakuwa ta bugi tsakuwa 'yar'uwarta. In kuwa ya bugi mai nauyi, sai ya dawo da kusan dukan ƙarfinsa, kamar tsakuwa ta bugi falalen dutse. Karo 18 ko kusa da haka da haidirojin ya isa ya sanyaya shi, alhali da oksijin sai ya yi wajen 150. Saboda haka yawan niyutiron masu sanyin gudu da suka dawo ga na'urar ƙidaya shi ke nuna yawan ruwan da ke ƙasar. Ana iya komawa rami ɗaya kowane mako, daga shuka har girbi, ba a tona ba, ba a taɓa saiwa ba. Wannan ita ce warwatsuwar niyutiron a mafi sauƙin siffarta.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ci moriyar wannan ma'auni. An yi aiki da shi a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, da kuma babban binciken haɗin gwiwa mai suna HAPEX-Sahel da aka gudanar a yankin Yamai a 1992. Abin da aune-aunen gonakin gero na Nijar suka nuna a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ya kamata kowane ɗan Katsina ya ji shi, domin jigawarsu irin tamu ce. An ga cewa a gonar da ba ta sami taki ba, gero ba ya iya shanye ruwan da ya sauka, wani kaso mai yawa na sulalewa ƙarƙashin saiwa ko ya saura a ƙasa bayan girbi. In an sa taki, musamman mai sinadarin fosfat, sai saiwa ta bazu, ganye ya rufe ƙasa, ruwan nan dai da aka saba samu ya ba da hatsi fiye da na da. Ashe a shekaru da dama abin da muke kira ƙarancin ruwa yunwar ƙasa ce a ciki. Ku duba fa, wanda ya tambaya ina ruwan manomi da niyutiron, ga shi niyutiron ya yi magana a kan damina da taki, abubuwa biyun da suka dame shi.

Aikin bai tsaya nan ba. A 2010 masu bincike a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan sun ɗauki hoton saiwar tsiro mai rai a cikin ƙasa da niyutiron, suka ga cewa sa'ad da ƙasa ke bushewa, wadda ke manne da saiwa ta fi sauran riƙe danshi, saboda wani yauƙi da saiwar ke fitarwa. A 2008 kuma masana na Jami'ar Arizona suka fito da ma'aunin da ba ya bukatar sinadari mai haɗari ko kaɗan. Shi yana ƙidaya niyutiron ɗin da hasken sararin samaniya ke haifarwa a iska dare da rana, in ƙasa ta jiƙe sai adadinsu ya ragu. Na'ura ɗaya a kan sanda, da ɗan faifan hasken rana, tana auna danshin fili har wajen mita 200 ta kowace fuska. Irin wannan ya dace da gonakin rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe.

Guntun gatarinmu na Zariya

A 1976 gwamnatin soja ta kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, daga baya aka buɗe cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ake kira CERT a taƙaice. A wannan cibiya ta Zariya aka kafa tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan, mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. An kunna ta a watan Fabrairu na 2004. Ƙarfinta kilowat 30 ne da 'yar ɗoriya, zuciyarta kuma ba ta fi bokiti girma ba, tana nutse cikin rijiyar ruwa mai zurfi. Ghana na da irinta tun 1994.

Aikinta ya dogara ne a kan haɗiyar niyutiron. Ana ɗaukar ɗan samfur na ƙasa ko dutse ko hatsi, abin da bai kai giram ɗaya ba, a rufe shi a kwalbar roba, a hura shi ta bututu zuwa kusa da zuciyar tukunya. Ƙwayoyin da ke cikinsa su haɗiyi niyutiron, su soma fitar da hasken gamma, kowane sinadari da irin muryarsa. Ta haka ake gane sinadarai da dama a lokaci ɗaya, ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan. An auna ƙasar noma da ma'adinai da abinci da wannan hanya, ɗalibai masu yawa sun yi digirinsu na biyu da na uku a kanta.

Amma wajibi ne mu faɗi iyakarta. Tukunyar Zariya na gaya mana mene ne a cikin abu, da kuma nawa ne. Tambayoyin Shull da Brockhouse kuwa, ina ƙwayoyin suke zaune, me suke yi, sun fi ƙarfinta. Yawan niyutiron da ke cikin ta Grenoble ya ninka nata fiye da sau dubu, ba a kuma gina ta da ƙofofin fitar da niyutiron zuwa na'urorin warwatsuwa ba. A nahiyarmu, wanda ke son irin wancan aiki sai ya nufi SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu, mai megawat 20, wadda ke aiki tun 1965, ko tukunyar Inshas ta Masar, mai megawat 22. Duk da haka, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A Zariya ne ɗan ƙasar nan zai koyi sarrafa tukunya, da ƙidayar niyutiron, da kiyaye kai daga haɗarin haske, ba tare da ya nemi biza ba.

Batun tsoro

Mun san da an ce nukiliya, zuciyar mutane bam take tunawa, kuma suna da dalili. A 1960 Faransa ta yi gwajin bam a Reggane cikin Hamadar Sahara, inda iskar hunturu ke tasowa ta nufo mu, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairu na 1961. Sai dai ƙasar nan ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ƙare dangi tun 1968, ta kuma shiga yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta su a Afirka baki ɗaya. A 2018 aka cire man tukunyar Zariya na asali, mai tatacciyar yuraniyom kashi 90 cikin 100, aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mai kashi 13, wanda ba a iya yin makami da shi. Ko ɗan gwangwanin auna danshi ba a riƙe shi sai da lasin daga hukumar da ke kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 1995. Wuta ma tana ƙona gida, amma ba a daina girki ba, an dai koyi inda ake kafa murhu.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu zo nan mu ce a gina mana irin ta Grenoble gobe ba. Ta Oak Ridge ta ci dala biliyan 1.4. Ta Grenoble ma karo-karo aka yi, Faransa da Jamus suka fara a 1967, Ingila ta shigo a 1973. In masu arziki sun haɗa hannu, ƙasashen Afirka ta Yamma sun fi cancanta da haka. Amma ko an haɗa kuɗin, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar ana fitar da shi waje, ilmin sarrafa shi kuwa yana can inda aka kai shi. Wanda ba shi da masana, ko arzikin na ƙarƙashin ƙafarsa, ɗan dako ne.

Saboda haka muna da kira uku. Na farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Manyan cibiyoyin nan ba da kuɗi ake shigarsu ba. A Oak Ridge, ga misali, mai bincike na rubuta tambayarsa da dalilinta, masana su auna, in ta yi nauyi a ba shi kwanaki a kan na'ura kyauta, da sharaɗin zai buga sakamakon kowa ya gani. A Grenoble da ISIS kuma ana buɗe bayanan gwaje-gwaje ga jama'a bayan 'yan shekaru, galibi uku, mai kwamfuta da intanet da ƙwarewar lissafi na iya nazarinsu daga Dutsin-Ma. Abin da ake nema gare mu shi ne mu riƙe lissafi da fizikis da hannu biyu, mu kuma zo da tambayoyin gida: saiwar gero, yumɓun fadama, jar ƙasar da muke gini da ita, ma'adinan duwatsunmu. Bature ba zai yi mana waɗannan tambayoyi ba, domin ba shi suke damu ba.

Na biyu ga yayyenmu ma'aikata, waɗanda takardun kasafi ke bi ta teburinsu. Madatsar Zobe an kammala ta a 1983, ta kuma shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Darasin da ke ciki shi ne, gini ba ya aiki da kansa. In takarda ta zo gabanku tana neman kuɗin gyaran na'ura, ko na horar da ma'aikacin ɗakin gwaji, ko na ci gaba da auna danshin gona shekara goma a jere, kada ku ga ƙanƙantarta ku tura ta ƙarƙashin fayil. Awon shekara ɗaya labari ne kawai, na shekara goma shi ake gina shawara a kansa.

Na uku ga masu nazarin harshe. Kun ji yadda muka yi ta lalube a wannan jawabi, muna cewa ƙwallo, muna cewa tukunya, muna cewa warwatsuwa. Ku zauna da malaman kimiyya ku daidaita mana waɗannan kalmomi, domin malamin gona ya iya tsayawa a dandalin Ɗantutture ya bayyana wa dattawa abin da ma'auni ya nuna da harshen da suke ji. Ilmin da bai sauka harshen mutane ba, baƙo ne, ko ya daɗe zai tafi.